Shirun Aƙilu da Birkin Barewa

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta fita daga Madawa ta nufi Buza da sassafe ya san Malam Aƙilu, ko da bai san sunansa ba. Da an idar da sallar asuba zai fito da tsintsiya ya share gindin bedin da ke ƙofar garejinsa, irin sharar mai neman allura, don a cewarsa ƙasa mai tsabta ba ta haɗiye noti. Daga nan ya shimfiɗa buhu ya jera kayan aiki, ƙarami kusa da ƙarami, babba kusa da babba. Kafin ya gama, matarsa Cima ta kawo kunu. Ba ya shan kunun nan sai ya juya ya fuskanci hanya, daidai inda motoci ke rage gudu saboda shingen jandarmomi, yana kurɓa yana kasa kunne. Wata motar ta wuce bai ce komai ba. Wata kuma tana tsayawa zai ajiye ludayi ya ce, "Wagga tana nan zuwa, in Allah ya sa ta iso."

Yana da wata ɗabi'a da direbobi suka daɗe suna yi masa tsiya a kanta. Ko fitila aka kawo masa gyara, ko ƙofa ce ta ƙi rufuwa, sai ya fara shiga mazaunin direba, ya tuɓe takalmi, ya ɗora tafin ƙafa a kan birki, ya runtse ido ya danna a hankali. In mai mota ya ƙosa ya ce ba wannan ya kawo shi ba, amsar ɗaya ce shekara da shekaru: motar da ta ƙi tashi ba ta taɓa kashe kowa ba, wadda ta ƙi tsayawa ita ce abin tsoro.

Shekara ashirin ke nan yana haka. A watan jiya ya naɗe buhunsa, ya ce ya gama. Shi ya sa na ga bai kamata mutum irin wannan ya tashi daga gindin bedi a yi shiru ba, balle ma garin nan yana da laifin da ya yi masa, wanda sai kwanan nan muka san girmansa.

Ɗan manoman Azarori ne. Ya shiga harkar mota zamanin da gyaɗa ke tashe, ya yi shekaru yana tuƙa babbar mota kafin ya sauko ya koma ƙarƙashinta. Waɗanda suka ga yunwar saba'in da uku zuwa da huɗu suna tuna shi a bakin hanya, rigarsa ba ta bushewa, yana tayar da motocin hatsi da ke lalacewa kafin su kai arewa. Wasu kuma suna tuna ranar da ya sa makullin motar wani babban ma'aikaci a aljihu ya ƙi bayarwa, saboda bututun man birkinta yana zufa, ga mutumin yana kumfar baki yana ambaton kurkuku. Aƙilu ya bar shi ya gama, ya canza bututun, sannan ya miƙa makulli da hannu biyu. Waɗannan duk an san su, an kuma yaba masa a lokacin. Labarin Barewa ne ya sha bamban.

A shekarar tamanin da ɗaya, tseren motocin nan na Turawa da ke ratsa hamada ya bar wata tsohuwar mota a wajen Tawa. Ta sha duniya tun kafin ta zo, amma injinta na nan da ransa, mai ƙarfin tsiya, in aka taka shi ƙasa har rawa take. 'Yan ci-ranin wani ƙauye da ke bisa tudu tsakanin Buza da Keita suka haɗa kai suka saye ta. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, mutanensa sun ji kunyar da ta ishe su. Niyyarsu kyakkyawa ce: sun gaji da ɗora marasa lafiyarsu a amalanke, a yi yini biyu a hanya, wani lokaci a juyo da gawa tun ba a kai asibiti ba. Aka cire kujerun baya aka shimfiɗa katako da katifa. Aka sa mata suna Barewa. Shugaban 'yan ci-ranin, Alhaji Manzo, wanda ke kasuwanci a Abijan, shi ya zama uban mota, shi kuma ya ɗauko Surajo ya ba shi makulli. Surajo tsohon direban soja ne, magidanci mai 'ya'ya huɗu, hannunsa da kyau a sitiyari, kuma ya san duwatsun wannan yanki na Adar kamar tsakar gidansu.

Shekara guda ba ta cika ba ya gangaro da ita gindin bedi.

"Baba Aƙilu, birkin ga na yi min huci awa maciji in na taka shi."

Aƙilu ya buɗe gaba ya duba. Motoci irin Barewa suna da wata baƙar tukunyar ƙarfe a bayan birki, makanikai na ce mata sarbo. Aikinta ta ari numfashin inji ta taya ƙafar direba, har ya zama da ɗan yatsa ma mutum zai tsayar da mota. A cikin tukunyar akwai fatar roba, ita ce zafi da tsufa suka tsattsaga. Babu irinta a Tawa, babu a Maraɗi, an aika Sakkwato ma ba a samu ba. Abin da akasarin makanikai za su yi sananne ne: a yanko tsohon tub na taya a liƙe tsagar, a mayar da tukunya, huci ya ɗauke, kowa ya yi murna. Aƙilu ya daɗe yana juya robar a hannu, sannan ya ɗaga kai.

"Surajo, in tambaye ka, ka hwaɗa min gaskiya. In ka kai gangaren Tsamiya, kana kashe moter?"

Surajo ya yi dariya. "Haba Baba! Wane shofer na ba ya kashewa? Kilomita huɗu kyauta. Isansi ba ruwan rijiya na ba."

Wanda bai zauna ƙasar tudu ba ba zai gane wannan ba. Direbobinmu, da sun kai kan gangare, sai su fitar da giya su murɗa makulli su kashe moter, wato inji, mota ta yi ta zuba da nauyinta ba ta shan isansi, wato man fetur, ko ɗigo. Ba a ɗaukar abin a matsayin ganganci, gwaninta ce ma, maigida ke koya wa na ƙasa da shi. Tsofaffin ƙananan motocin da suka koyi tuƙi da su kuwa sun yarda da hakan, don birkinsu ba ruwansa da inji. Aƙilu da kansa ya yi a zamaninsa, ya san daɗin iskar nan da shirun nan. Ya kuma san abin da Surajo bai sani ba.

Ya sa shi ya tayar da mota, sannan ya ce ya kashe. "To, taka." Surajo ya taka, birki ya amsa. "Ƙara." Ya ƙara, ya amsa da ƙyar. "Ƙara." A na uku ƙafarsa ta ci karo da abu kamar ya taka dutse. Ya dafe sitiyari ya danna da dukan ƙarfinsa, jijiyar wuyansa ta tashi, abin bai motsa ba sai kaɗan.

"Ko sarbo sabo na, haka shi kai in moter ya mutu," in ji Aƙilu. "Taki biyu gare ka. Gangaren Tsamiya kwanar hanya nawa gare shi?"

"Bakwai." Dariyar ta riga ta tafi. "Na bari, Baba. Daga yau na bari."

Aƙilu bai ƙaryata shi ba, ya san da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma hali zanen dutse ne. Hannun da ya yi shekara goma yana kai wa makulli a kan tudu ba ya neman izinin mai shi. Wata rana za a yi, mai ya yi ƙasa, hankali na wajen mai nishi a baya, hannu ya tafi da kansa. Ya ga ba zai iya gyara hannun Surajo ba, to sai ya gyara mota ta dace da hannun. Alhaji Manzo yana Abijan, ba a samunsa. Sai Aƙilu ya aika wa Maigarin ƙauyen cewa yana so ya cire tukunyar ɗungurungum, ya mayar da birki ga ƙafa kaɗai. Amsa ta dawo: ka yi abin da ka ga shi ne daidai, mu dai mota muke so.

Cire tukunya ba shi ne aikin ba, rabin yini ya isa. Aikin shi ne abin da ke biyo baya, don in aka cire mataimaki aka bar komai yadda yake, sai ɗan dambe ne zai iya tsayar da motar. Ya yanko farantin ƙarfe mai kauri ya toshe gurbin tukunyar, ya ɗaure famfon birki a jikinsa kai tsaye. Famfon ma bai bar na asali ba, ya nemo mai ƙaramin baki daga wata tsohuwar mota da ta mutu a Sabon Gida, don mai ƙaramin baki ya fi matsa mai da ƙarfi kaɗan, sai dai ƙafa ta ƙara nisan tafiya. Ya gyara doguwar ƙusa mai zare ta zama sandar da ke tura famfon, ya yi mata makari don kada ta zame ta faɗo a tsakiyar hanya. Sannan ya zo kan ƙarfen da ake takawa. Duk wanda ya taɓa ɗebo ruwa da jigo a fadama ya san cewa inda aka ɗaure sandar shi ke sa guga ya yi nauyi ko ya yi sauƙi. Aƙilu ya kwance ƙarfen, ya huda sabon rami sama da na da, kusa da maratayinsa.

Nan ne Cima ta shigo. Dama ita ke taya shi fitar da iska daga birki, tana takawa tana riƙewa yana kwance ƙarƙashi yana buɗewa yana rufewa, sun yi shekaru suna haka. Wannan karon ya ce mata abin ya wuce nan. Mace ce 'yar firit, buhun gero ya fi ta nauyi. Ya ce in ƙafarta ta tsayar da Barewa, to ta kowa ma za ta tsayar, ko mai zazzaɓi ko mai ciwon gwiwa.

Aka tura motar zuwa ɗan gangaren da ke bayan kasuwar dabbobi. Ya ajiye dutse a gefen hanya. Ya zaunar da Cima a mazaunin direba, shi yana gefe riƙe da sitiyari, inji a kashe, ƙarti huɗu suka ingiza. Mutane suka taru, ba a taɓa ganin mace a wannan kujera ba a Madawa, ana ta shewa. Da suka zo daidai inda ya ce, ya ce ta taka. Mota ta wuce dutsen da taki goma.

"Malam, ƙahwata ta ƙare," in ji ta.

Ya koma ya cike ramin da walda, ya ƙara wa ƙarfen ƙwari, ya huda wani sama kaɗan. Washegari aka sake. Ta wuce da taki uku. Masu kallo suka ce ai ya yi, me ake nema kuma? Ya sake kwancewa. A rana ta tara Barewa ta tsaya cak dutsen na gabanta, Cima ta sauko tana gyara mayafi kamar ba ita ba. Ya wanke tukunyar da ya cire, ya rataye ta a bango inda kowa zai gani, ya miƙa wa Surajo makulli.

Alhaji Manzo ya zo gida da babbar salla. Mutum ne mai son abinsa ya yi kyau, kuma ya sha gaya wa abokansa a Abijan cewa motar ƙauyensu da yatsa ake tsayar da ita. Ya shiga ya taka, ya ji ƙafarsa na nitsewa, ga nauyi. Ya buɗe gaba ya ga gurbi. Ranar kasuwar Madawa ya iso gindin bedi da Surajo da wasu dattawan ƙauye, ya yi sallama a tsaye.

"Aƙilu, mota munka ba ka ko jaki? Turawan da sunka ƙera ta ba su da hankali na, kai ɗan Azarori ka hi su?"

Aƙilu ya shimfiɗa masa tabarma, bai zauna ba. Aƙilu ya nuna masa tukunyar a bango, ya nuna tsagar roba. Alhaji ya ce roba ai liƙe ta ake yi, kowa ya sani. Sai Aƙilu ya faɗi dalilinsa a taƙaice, bai ambaci sunan kowa ba: direbobin ƙasar nan suna kashe inji a gangare, kuma tukunyar nan ba ta aiki in inji ya mutu.

Alhaji ya juya. "Surajo, kai kana kashe min moter da marar lahiya cikin mota?"

Kasuwa ta riga ta taru. Surajo ya dubi Alhaji, ya dubi dattawan garinsu, wataƙila ya hango 'ya'yansa huɗu da makullin da ke shirin barin hannunsa. Ya ɗaga yatsa sama.

"Wallahi tallahi, Alhaji, tun da anka ba ni motag ga ban taɓa kashe ta ga gangare ba."

Kowa ya juyo ga Aƙilu. Kalma ɗaya ta ishe shi. Ranar da Surajo ya kawo motar Cima tana bayan zana, ta ji tambayar farko da kunnenta, ta ji dariyar, ta ji kilomita huɗu kyauta. Aƙilu ya dubi Surajo, dubawa ba mai tsawo ba, sannan ya sunkuya ya ɗauki abin da yake gyarawa kafin su zo. Bai ce uffan ba.

Shirun nan aka ɗauka a matsayin amsa laifi. Kafin la'asar labari ya gama gari, kuma kamar yadda bakin mutane ya saba, ya yi 'ya'ya a hanya. Wasu suka ce ya kasa gyara ne ya rufe da surutu. Wasu suka ce tukunyar bango fanko ce, ya kwashe cikinta ya kai wani wuri. Wani mai bakin tsiya a tasha ya raɗa masa suna Mai-da-mota-jaki, sunan ya bi shi kamar ƙaiƙayi. Alhazai da ma'aikata suka janye motocinsu ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya tayar da motocin hatsi a shekarar yunwa ya koma gyaran injin niƙa da keke da ƙafar amalanke. Ni ma da ke wannan rubutu na taɓa faɗin sunan nan ina dariya, Allah ya yafe mini.

Cima ce ta kasa haƙuri. Ita ta gaya mini cewa ta yi wata guda ba ta daina yi masa magana ɗaya ba. "Malam, da kunnena na ji shi! Ka buɗe baki ka hwaɗa, ko ka bar ni in tai in hwaɗa." Shi kuwa sai ya ce, "Cima, bari." Ranar da ta matsa, ya ce mata in ta faɗa bai yafe ba. Daga nan ta haɗiye, amma ta ce har yau abin na nan a maƙogwaronta.

Kai ne, Aƙilu, ka ga ana yanka sunanka a kasuwa, wuƙar da za ka kare kanka tana hannunka, ka mayar da ita kube. Kai ne ka ci gaba da share gindin bedi kowace safiya kamar manyan motoci na nan tafe, alhali amalanke ce za ta zo. Mun ɗauka kunya ce ta rufe maka baki. Ashe mu ne ya kamata mu ji kunyar.

Alhaji ya sa a nemo sabuwar tukunya daga waje. Kafin ta samu hanya aka shiga fari na tamanin da huɗu, Najeriya ta rufe iyakarta, komai ya tsaya, man fetur ya zama abin nema da fitila. Tukunya ba ta zo ba, daga baya ma aka manta da ita. Barewa ta ci gaba da hawa da sauka da birkin Aƙilu, tana ɗauko masu naƙuda da masu ƙyanda da waɗanda maciji ya sara. Ba ta taɓa yin haɗari ba, don haka ba wanda ya yi zancen birkinta. Gyaranta kuwa Tawa ake kai ta, an hana Surajo tsayawa a gindin bedi. In ya zo wucewa sai ya kau da kai yana duba wani abu a ɗaya gefen hanya.

Haka aka tafi shekara bakwai. A 'yan shekarun nan yanar ido ta fara rufe idanun Aƙilu, ya koma aiki da lalube da kunne, har ya kai ga cewa ba zai ƙara sa hannu a birkin kowa ba tunda ba ya ganin zufar mai a jikin bututu. Ya sa ranar Juma'a ya ce bayan an sauko zai raba kayan aikinsa ga masu sana'a. Mutane kaɗan suka zo, yawanci masu injin niƙa da masu amalanke. Ana cikin haka Barewa ta tsaya a bakin hanya, karo na farko tun ranar kasuwar nan. Surajo ya fito, ya buɗe wa Alhaji Manzo ƙofa. Alhajin bai san dalilin da aka kawo shi ba, an dai ce masa akwai maganar da sai a nan za a yi ta.

Surajo ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gaban buhun, ya ce yana so kowa ya matso.

Ya ce a shekarar farin nan, wata ranar Talata da hantsi, ya ɗauko wani mai haƙar rijiya da ƙasa ta rufta wa, tare da uwarsa da ƙanensa. Man da ke cikin mota bai tabbata zai kai Madawa ba. Da ya hau kan gangaren Tsamiya, bai ma san lokacin da hannunsa ya murɗa makulli ba. Ya wuce kwana ta ɗaya, ta biyu, har ta shida, yana taka birki a kowace, mota na ƙara zuba. Yana karya ta bakwai sai ga hanya cike da mutane. Wata motar taimako ce ta wuce da buhu a fashe, jar dawa ta zuba tsawon hanya, matan da fari ya koro daga arewa suka bazu a kai da 'ya'yansu, a durƙushe, suna tsintar ƙwaya ɗaya ɗaya. Sun fi talatin. Ba wadda ta ɗaga kai, don ba su ji kukan inji ba.

"Na miƙe bisa birki, Baba. Na ce yau ta ƙare. Taki na takwas ke nan ko na tara, moter na mace. Sai ni ji ƙahwa na tahiya, tana tahiya, mota na kamawa." Ya nuna tazarar da hannu. "Ta tsaya, tsakanina da wata tsohuwa bai kai kamu uku ba. Ta ɗago ta dube ni ta ce, ɗan nan, ka tada muna ƙasa bisa hatsi. Ta koma tana tsinta."

Surajo ya juya ga Alhaji ya ce rantsuwar da ya yi a wannan wuri ƙarya ce, yana kashewa kafin ranar, ya kuma kashe bayanta. Ya ce ya yi azumi ya yi sadaka, abin bai sauka daga ƙirjinsa ba, da ya ji Baba zai tashi sai ya ga in bai faɗa yau ba, ba shi da ranar faɗa. Ya ciro makulli ya ajiye a gaban Alhaji.

Aƙilu ya karkato fuska wajen muryar Surajo. Da ya buɗe baki, abin da ya faɗa ya fi na Surajo girgiza mu.

"Na sani, Surajo. Wanshekare na iske motag ga ƙohwar asibiti, na shahwa tayoyinta, duk huɗun sun ci wuri guda. Bayan kwana biyu wata mace ta kawo niƙa, tana ba Cima labarin motad da ta hwaɗo musu ba kuka. Na haɗa."

Alhaji Manzo ya dafa bedi. "Ka sani tun tamanin da huɗu? Aƙilu, don Allah mi ya hana ka magana? Kana da shaida ga hannu!"

"In na yi magana ka kore shi, Alhaji. Ka ɗauko wani, shi ma shi kashe moter, kuma bai san kwanonin Tsamiya awa Surajo ba. Ni motag ga nike so ta riƙa isowa." Ya nuna wajen da Surajo ke durƙushe. "Rantsuwa kuwa tsakaninshi da Ubangijinshi ta. In ni na tona shi, kunya kaɗai zai samu. Na so shi hwaɗa da bakinshi, shi samu tuba."

Ya lalubo makullin a kan buhu, ya nemi hannun Surajo, ya sa masa a ciki ya rufe da nasa. Alhaji bai hana ba.

Malam Aƙilu, mun gode. Mata talatin da 'ya'yansu da suka tashi daga kan hanyar nan suka bazu a duniya ba su san sunanka ba, ba za su taɓa sani ba, to mu mun gode a madadinsu. Mun gode wa Cima, da ƙafarta da haƙurinta. Allah ya saka muku da abin da mu muka kasa, ya sa ku gama lafiya.

Masu sana'a, ku dubi mutumin da ya yi aiki don wanda zai hau motar, ba don wanda zai yaba ba, ku yi koyi. Sauranmu kuma da ba mu riƙe ƙarfe, namu ya fi sauƙi, ya kuma fi gaggawa. In akwai wata kalma a bakinka da za ta wanke wani, ka kai masa ita yau, tun yana iya ganin fuskarka. Aƙilu ya jira tasa shekara bakwai. Ranar da ta zo, Alhaji Manzo ya durƙusa a gabansa cikin babbar riga yana hawaye, taki ɗaya tsakaninsu, sai tsohon ya karkata wajen matarsa ya tambaya a hankali, "Cima, wa ke kuka?"